Hulunan Matar Gamawa

Da safiyar wata Talata, cikin daminar shekarar 2008, aka wayi gari da sata a shagon huluna na Babayo da ke bakin kasuwar Azare. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwado ba. Janareto yana nan, kwamfuta tana kan tebur da mayafinta na atamfa. Huluna kawai aka ɗiba, su ma ba duka ba: ɗaya daga wannan kanta, biyu daga waccan, aka tsallake masu tsada da yawa.

Kafin hantsi unguwa ta yanke hukunci. Mabuɗi biyu aka sani, na Babayo da na Kashim mai wankin hula, wanda yake buɗe ƙofar baya kowace asuba don ya shanya huluna a kan gungumansa na itace. Kashim a Azare aka haife shi, amma ran nan sai mutane suka tuna cewa iyayensa daga Borno suka zo.

"Ran kasuwa nake jira," in ji Babayo, ransa a ɓace. "In hulunan ba su dawo ba, wallahi ofishin 'yan sanda za mu."

Alhaji Bubayero, mai ginin da shagon yake haya, yana zaune a bencinsa na kullum. Dattijo ne da ya taɓa mallakar manyan motocin dakon hatsi, har yanzu kuma babbar rigarsa ba ta rabuwa da guga.

"Haba Babayo," ya ce a hankali. "A bar maganar nan. Ni zan ɗauki asarar."

Aka yi ta yaba masa. Amma a kunnen jama'a maganar tana nufin abu ɗaya: har Alhaji ya yarda Kashim ne, rufa masa asiri yake son yi. Da la'asar masu kawo wankin hula suka fara zuwa suna karɓe kayansu, wasu ma ba su bushe ba.

*

Ya Fanna, mahaifiyar Kashim, dillaliya ce. Ita ke shiga gidaje tana tattaro hulunan da mata suka ɗinka ta kawo shagon. Washegari da sassafe ta tafi gidan Malam Jaji mai bin sawu, Bafillatanin da ya tsufa yana gano shanun sata tsakanin Dambam da Gadau.

"Yau Barebari ne a ƙofata?" in ji shi. "Ko gishiri ya ƙare muku?"

"Tashi, bawan gidanmu, yau ba wasa na zo ba. Sun ce ɗana ɓarawo ne."

Ya dube ta, ya bar murmushin. "Ya Fanna, ni shanu na sani. Hula ba ta da kofato."

"Wanda ya ɗauke ta yana da ƙafa."

Ya ɗauki sandarsa ya bi ta.

Bakin shagon duk an tattake shi, don haka bai ɓata lokaci a can ba. Ya zagaya tsakar bayan shago, inda ruwan wanki da na sama suka bar ƙasa da laushi. Ya daɗe a tsugune. Sawun Kashim yana ko'ina, ƙafa ba takalmi, yatsu a buɗe. Amma a jikin katanga akwai wani sawun daban: takalmin fata mai lafiyayyen tafi, taku gajere, kuma a gefen kowane taku akwai ɗan ramin sanda. Ramin yana hannun hagu. Sawun ya shiga ta ƙofar baya, ya fito, ya bi lungu, ya ɓace a kan kwalta.

Kashim yana zaune a kan gungume, kansa a sunkuye.

"Wa ka taɓa ara wa mabuɗinka?" in ji Malam Jaji.

"Ba kowa, Baba. A wuyana yake kwana."

"Wa kake zargi?"

"Ba na zargin kowa. Ni dai tun jiya na kasa zuwa masallacin unguwa. In na shiga, sai in ga mutane suna janyo takalmansu kusa da su."

Malam Jaji ya miƙe tsaye. Ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

*

Da Malam Jaji ya tambayi masu dogara sanda a unguwar, mutane sun ba shi suna ɗaya: Maigida, mai shagon huluna na tsallaken titi, wanda ba ya ga-maciji da Babayo, kuma yana dogara sanda tun da ya faɗi a babur.

"Ni?" in ji Maigida, ya kwashe da dariya. "In saci hular Babayo in kai ina? Kai Malam, je ka tambayi ƙaninsa mai kwamfuta. Hula a cikin waya! Wa ya sani ko ya sayar wa aljanun Legas ya ce an sace?"

Ya tashi ya raka shi bakin titi. Malam Jaji ya kalli ƙasa. Sandar Maigida a dama take, ƙafarsa ɗaya kuma tana jan ƙasa. Ba shi ba ne.

*

Ƙanin Babayo, Abdulsamad, ya karanta ilimin kwamfuta, ya dawo gida da shawarar a riƙa sayar da hulunan ta intanet ga mutanen Legas da Abuja, su biya ta banki, a aika musu ta motar tasha. Watanni ya yi yana tsara rumbun bayanan shagon. Malam Jaji ya same shi shi kaɗai, ya ja kujera ya zauna.

"Nuna mini abin nan naka. Amma a hankali, kamar kana koya wa ɗan aji ɗaya."

Abdulsamad ya ta da janareto. "Hawa uku ne, Malam. Na sama shi ne rukuni: Zanna, Damanga, Ƙube. A ƙarƙashin kowane rukuni akwai zane, wato irin adon da aka yi wa hular. A ƙarƙashin kowane zane kuma akwai 'ya'yansa: wannan shuɗiya ce, girmanta lamba ashirin da biyu, wannan ruwan toka ce lamba ashirin da uku. Da farko kowace hula na ba ta nata shafin daban, sai abin ya rikice mini, zane ɗaya ya fito sau goma da sunaye daban-daban. Shi ne na rushe na sake."

"Na gane," in ji Malam Jaji. "Garke, sannan Bunaji da Rahaji, sannan kowace saniya da kamanninta."

"Haka ne, Malam."

"To wadda aka sace fa? Ta fita daga garken naka?"

"A'a. Abin da ke kan kanta daban na ajiye lissafinsa. In hula ta ƙare, adadinta ne kawai ke komawa sifili. Gurbinta yana nan, da hotonta, ciki da waje."

Malam Jaji ya gyara zama. "Tara mini waɗanda suka ɓata wuri ɗaya."

Hotunan suka jeru a kan allo. Abdulsamad ya girgiza kai. "Na riga na duba. Ba rukuninsu ɗaya ba, ba launi ɗaya ba, ba lamba ɗaya ba. Ba abin da ya haɗa su."

"Ƙara mini girman wannan. Cikinta nake so."

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya sa aka buɗe ta biyu, da ta uku. Sannan ya ce a kawo masa hula daga kan kanta, ya juya cikinta, ya riƙe ta kusa da allon.

"Dubi nan. Zare ma yana da sawu. A wannan ta hannuna, ɗinkin ya kwanta ta nan, ƙullin ƙarshe yana wannan gefen. A waɗanda suka ɓata, duka ya kwanta ta ɗaya gefen. Hannu ɗaya ne ya yi su, kuma bahago ne."

Abdulsamad ya danna wani hoton da sauri. "Wannan fa? An sayar da ita tun watan jiya."

"Hannun ne."

"To wannan ta matar Gamawa ce!"

Ya ba shi labarin. Wani mutum a Legas ya sayi hular, ya aiko da saƙo cewa yana son ƙari, amma sai daga hannun da ya yi ta. A nan Abdulsamad ya gane cewa huluna biyu na iya zama zane ɗaya, launi ɗaya, lamba ɗaya, amma ba ɗaya ba ne. Sai ya ƙara sabon gurbi mai suna "mai ɗinki", ya kuma ɗaure shi yadda na'ura ba za ta karɓi sabuwar hula ba sai an cike shi. Da ya nuna wa Ya Fanna hoton, ta ce irin waɗannan Alhaji Bubayero ne ke ba ta su, daga wata 'yar'uwarsa gwauruwa da ke Gamawa, mai suna Kellu, yana taimaka mata.

"Ran Litinin na gaya wa Alhaji a benci cewa zan hau babur in je in same ta, in ɗauki cikakken sunanta, in kai mata aiki," in ji Abdulsamad.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba ta son baƙi. Na ce ai alheri zan kai mata."

"Litinin," in ji Malam Jaji. "Talata aka wayi gari."

*

Malam Jaji bai so ya yarda da abin da ya fara gani ba, shi ya sa ya shiga motar Gamawa. Ya tambayi mai unguwa, ya tambayi masu sayar da zare, ya tambayi dillalan hula. An san Kellu mai ƙosai, an san Kellu ungozoma. Ba a san wata Kellu bahaguwa mai ɗinkin hula ba, ba a kuma san Alhaji Bubayero da dangi a garin ba.

Da ya dawo, ya tambayi Babayo abu ɗaya: lokacin da ya kama hayar shagon, ya canza kwadon ƙofar baya? Babayo ya ce bai canza ba, wanda ya tarar ne.

*

Ranar Asabar bayan azahar ya yi sallama a zauren Alhaji Bubayero. Zauren babba ne, amma fentinsa ya tashi, kuma a bango akwai shatar inda agogo ya taɓa ratayewa. Sandar Alhaji tana jingine a hagunsa. Suka gaisa da Fulatanci, suka tambayi iyali.

Malam Jaji ya kalli hannayen dattijon. Ɗan alin dama duk tsagar allura ne, baƙi-baƙi, irin na mai tare ƙyalle da dama yana soka da hagu. A hannun babbar rigar akwai guntun zare shuɗi.

"Na je Gamawa, Alhaji."

Alhaji bai ɗago ba.

"Na nemi Kellu in gaishe ta. Mai hannu ce, Allah ya sa mata albarka. Ban taɓa ganin ɗinki mai tsabta irin nata ba."

Sai a nan Alhaji ya ɗago.

"A makarantar allo na koya, ina yaro. Da motocin suka tafi, hayar shagon nan ba ta ciyar da gida. Jaji, mutanen da na kai Makka suna nan da rai. Direbobina suna nan, suna durƙusa mini a hanya. In ce musu me? Ina kulle ɗaki ina soka allura?"

"Sana'a ce, Alhaji. Malamai nawa suka ci abinci da ita?"

"Na sani. Da bakina na sha gaya wa wasu haka." Ya shafa fuskarsa. "Da yaron ya ce zai je Gamawa, sai na ce bari in kwashe su. In babu su a kanta, babu su a na'urar, maganar ta mutu. Bayan sallar asuba na shiga da tsohon mabuɗina, kafin Kashim ya iso. Ban yi tunanin kowa zai lura ba, ai ɗai-ɗai na tsince."

"Na'urar ba ta mantuwa da abin da ya ƙare. Hotunansu na nan duka."

Alhaji ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ashe banza na yi."

"Ba banza kaɗai ba. Kashim ya daina zuwa masallaci."

Dattijon ya runtse ido.

"Ga abin da zan yi," in ji Malam Jaji. "Gobe ran kasuwa. Zan tara su in ce ba Kashim ba ne, in nuna musu dalili. Sunanka ba zai fito daga bakina ba, ba aikin da aka sa ni ke nan ba. Amma ka san mutanenmu. In ba a ba su wani ba, wanda suka kama za su riƙe."

Ya tashi, ya yi sallama, ba a amsa ba.

*

Washegari bayan la'asar aka taru a tsakar bayan shago, tsakanin gunguman da babu hula a kansu. Babayo da Abdulsamad suna tsaye. Kashim yana gefe, Ya Fanna a bayansa. Maigida ya tsallako ba a gayyace shi ba, da wasu maƙwabta. Alhaji Bubayero ya zo a ƙarshe, aka ba shi kujera.

Malam Jaji ya bi abin daki-daki. Ya nuna inda ya rufe sawun da kwano don kada ruwa ya wanke shi: takalmin fata, da ramin sanda a hagu. Ya sa Kashim ya taka kusa da shi, kowa ya ga bambanci. Ya ce wanda ya shiga bai zo don dukiya ba, tunda ya bar janareto da huluna masu tsada, aikin hannu ɗaya kawai ya tsince.

"Saboda haka ba Kashim ba ne. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

"Iyaka?" in ji Maigida. "To wane ne? Aljani mai sanda? Malam, uwar yaron ce ta ɗauko ka, kowa ya sani. Sawu kuma ai ana iya ɗaukar takalmin wani a taka."

"Maigida, ka ji tsoron Allah," in ji Ya Fanna.

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa nake tambaya."

Babayo ya yi ajiyar zuciya. "Malam Jaji, ina girmama ka. Amma mabuɗi biyu ne. In ba ka faɗi suna ba, ban da inda zan dosa sai inda na ce."

Kashim ya miƙe a hankali, ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa, ya ajiye a kan gungume. "Mu je, Yaya Babayo. Gara can da kallon da ake mini a nan."

Malam Jaji ya kafa ido a ƙasa. Bai kalli kowa ba.

"Mabuɗi uku ne."

Alhaji Bubayero ne. Ya dogara sandarsa da hagu ya tashi. Ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya fito da ƙullin zane, ya kwance shi a kan tabarma. Hulunan suka zube, duk sun lanƙwashe.

"Ni na ɗauka. Ni kuma na ɗinka su. Babu wata mata a Gamawa." Ya dubi jama'a. "Kunyar a san ina ɗinki ta sa na yi abin da ya fi shi kunya. Na zauna a bencin can ina ji ana kiran yaron nan ɓarawo, na yi shiru, har ana yaba mini."

Ba wanda ya motsa. Babayo ya kalli mabuɗin da ke kan gungume, ya kasa ɗaukarsa, ya kasa kallon mai shi.

Alhaji ya juya wajen Kashim, ya fara ƙoƙarin durƙusawa. Kashim ya yi wuf ya riƙe shi.

"A'a, Baba Alhaji. Don Allah kada ka yi."

"Ka yafe mini."

"Na yafe."

"Ni ban yafe ba tukuna," in ji Ya Fanna. "Shekara nawa ina karɓar hulunan nan a hannunka ina cewa a gaida Kellu? Da ka gaya mini, Alhaji, wa zai ji? Gidaje nawa nake shiga a garin nan, ka taɓa jin sirrin wani a bakina? Kuma ku," ta juya ga sauran, "shi tsoro ya ji. Ku me kuka ji? Yaron da ya girma a gabanku."

Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa kamar ya ɓata. Babayo ya ɗauki mabuɗin da hannu biyu ya miƙa wa Kashim. Sai da ya daɗe a haka kafin Kashim ya karɓa.

*

A daren Litinin liman ya yi magana bayan magariba a kan zargin da aka yi wa Kashim, Alhaji da kansa ya tsaya kusa da Kashim a sahu. Masu kawo wankin hula suka fara dawowa. Wasu ba su dawo da kansu ba, sai aike, don ba su iya haɗa ido da shi.

Abdulsamad ya kwance ɗaurin da ya yi wa gurbin nan. Ya mai da shi yadda za a iya ba kowane mai ɗinki lamba kawai, a gane hannunsa in an nemi ƙari, sunan kuma sai in shi ya so. Da ya zagaya da Ya Fanna yana tambaya, ya tarar mata da yawa ba su taɓa son sunansu ya fita ba, ba wanda ya tambaye su ne kawai.

Ranar da Kashim ya gama wanke hulunan da suka lanƙwashe, ya jera su a kan gungumansa, Abdulsamad ya leƙo bakin shago. Alhaji yana bencinsa, Malam Jaji yana gefensa suna shan shayi.

"Baba Alhaji, mutumin Legas ya sake aiko da saƙo. Lamba zan sa, ko in bar sunan Kellu yadda yake?"

Alhaji ya daɗe yana kallon hulunan a rana.

"Goge ta," ya ce. "Baiwar Allah ta sha aiki, a sallame ta."

"To me zan rubuta?"

Dattijon ya ajiye kofin. Ya sa hannun hagu a aljihu ya fito da hular da bai gama ba, allura a soke a jikinta. Wani tsohon direbansa yana tahowa daga bakin titi. Hannun Alhaji ya yi kamar zai koma aljihu, ya tsaya a hanya.

"Rubuta Bubayero," ya ce, bai ɗago ba. "Kada ka sa Alhaji. Sai na gama biyan Kashim haƙƙinsa."